Yadda Magabata Suka Tara Dukiya Don Marayu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan'uwa, duk shekara idan goman ƙarshe na azumi ya shiga, liman yakan miƙe bayan asham ya tuna mana da marayun unguwa. A shimfiɗa darduma a bakin ƙofa, mai dala ashirin ya jefa, mai jika ya jefa, wani ya aiko da turmin atamfa, wani da buhun gero. Alhamdu lillahi, ranar Salla yaran nan sukan je idi da sabon ɗinki kamar ƴaƴan kowa. To amma bayan Salla da wata uku fa? Lokacin komawa lakkwal ya zo, ko zazzaɓin damina ya kwantar da yaro, ko rumbu ya yi ƙasa. Uwar marayu ta zo wurin kwamiti da kunyarta, a buɗe akwati a tarar ba ko dala. Mun ga wannan ba sau ɗaya ba, kuma duk wanda ya taɓa zama a kwamiti ya san nauyin kallon da matar nan take yi kafin ta juya.

Wannan ne ya sa muka waiwayi tarihi. Musulmin da suka gabace mu sun fuskanci wannan matsala, sun yi mata dabaru, wasu sun ɗore shekaru ɗaruruwa, wasu sun rushe. A cikin ɗorewar da rushewar duka akwai abin da za mu ɗauka.

A Madina aka fara

Ɗalibai sun san cewa Annabi (SAW) da kansa maraya ne. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana ciki, mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa'i yana da shekara 6, kakansa Abdulmuɗɗalib ya rasu yana da 8, sannan riƙonsa ya koma hannun baffansa Abu Ɗalib. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne labarin masu shayarwa na Banu Sa'ad. Da suka shigo Makka neman jarirai, kowace aka nuna mata shi sai ta wuce, don an ce mata ba shi da uba, kuma wurin uba ake sa ran alheri. Halima ma ta karɓe shi ne bayan ta rasa wani. Ka ga tun a wannan zamani maganar maraya maganar wane ne zai biya ce.

Da aka yi hijira a shekarar 622, filin da taguwarsa ta durƙusa a kai, inda ake shanya dabino, na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, waɗanda ke hannun As'adu ɗan Zurara. Yaran suka ce sun ba da shi kyauta. Annabi (SAW) ya ƙi karɓa sai da aka saya aka biya su. Masallacin da ya fi kowane daraja bayan na Makka bai tsaya a kan dukiyar maraya kyauta ba. Duk wani kwamitin masallaci da hannunsa ke kusa da kuɗin marayu ya riƙe wannan labari.

Gidauniya irin tamu kuwa, ta a miƙe a masallaci a yi kira, ita ma tana da asali. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jariru ɗan Abdullahi cewa wata rana wasu mutane, mafi yawansu daga ƙabilar Mudar, suka iso Madina ba takalmi, ba suturar kirki. Fuskar Annabi (SAW) ta canza saboda abin da ya gani. Ya sa Bilalu ya kira salla, bayan an idar ya yi huɗuba ya nemi kowa ya kawo abin da ya samu: dinare, dirhami, tufa, mudun alkama, mudun dabino, ko da ɓarin dabino guda. Wani mutumin Madina ya zo da ƙunshin kuɗi wanda hannunsa ya gaza ɗauka, jama'a suka biyo bayansa, har aka tara tuli biyu, na abinci da na tufafi. Saboda haka dardumarmu ta bakin ƙofa sunna ce, kada kowa ya raina ta. Sai dai irin wannan tarawa maganin yunwar yau ce. Maraya kuwa ɗawainiyarsa ta shekara goma ce ko sha biyar.

Abin da Umaru ya tsara

Bayan an ci Khaibar a shekara ta 7 bayan hijira, Sayyidina Umaru (RA) ya samu wata gona da ya ce bai taɓa mallakar dukiyar da ta kai ta daraja ba. Ya nemi shawara, Annabi (SAW) ya nuna masa ya tsare asalin gonar ya yi sadaka da amfaninta. Umaru ya gindaya sharaɗi: ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Abin da ta fitar na talakawa ne da dangi da ƴanta bayi da matafiya da baƙi da aikin Allah. Mai kula da ita zai iya ci daidai misali, ba tare da ya tara ba. Daga baya ya sa aka rubuta wannan a takarda da shaidu, ya ɗora ƴarsa Hafsa, Uwar Muminai, a kan kula da ita. Wannan shi ne wakafi, wanda littattafanmu na Malikiyya suke kira hubusi.

Da ya zama halifa ya kafa diwani na rabon albashi daga baitulmali, da farko yaro ba ya shiga sai an yaye shi. Ibnu Sa'ad ya kawo cewa wani dare Umaru da Abdurrahman ɗan Aufu suna gadin wani ayari da ya sauka a Madina, sai ya yi ta jin kukan jariri. Ya je ya yi wa uwar magana, ya dawo, kuka bai tsaya ba. A ƙarshe, ba ta san da wa take magana ba, ta ce masa yaye shi take yi da ƙarfi kafin lokaci, don Umaru ba ya ba da kaso sai ga wanda aka yaye. Da asuba Umaru ya yi salla kuka na cin ƙarfin karatunsa, yana zargin kansa da halaka ƴaƴan Musulmi. Ya sa aka yi shela cewa daga ranar kowane jariri yana da kaso tun daga haihuwa, ya kuma rubuta wa gwamnoni haka. Kason jariri dirhami 100 ne.

Mu lura da abin da ya faru a nan. Ƙa'idar da aka sa da kyakkyawar niyya ita ce ta cuci yaran, kuma Umaru bai gano ba sai da ya fita da dare ya saurara da kunnensa. Mu ma muna da ƙa'idoji: wane ne za a rubuta, wane ne ba za a rubuta ba, wace takarda za a kawo. Yaushe rabon da mu je mu ji abin da suke haifarwa a cikin gidaje?

A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai labarin Sunainu Abu Jamila da ya tsinci jaririn da aka yar a zamanin Umaru. Bayan an shaidi mutumin da kirki, Umaru ya yanke cewa yaron ɗa ne ba bawa ba, kuma ciyar da shi na kan baitulmali. A cikin littafin kuma akwai umarnin Umaru cewa a juya dukiyar marayu a kasuwanci don kada zakka ta cinye ta, da kuma cewa Nana A'isha (RA) takan ba ƴan kasuwa dukiyar marayun da ke hannunta su juya musu.

Da wakafai suka yawaita, sai aka ga suna watse a hannun magada da wasiyyai, ba mai bin diddigi. A Masar, zamanin halifa Hishamu ɗan Abdulmalik, alƙali Tauba ɗan Namir ya tattaro su ƙarƙashin idon kotu, ya buɗe musu diwani na kansu wajen shekara ta 118 bayan hijira. Tun ƙarni na biyu aka fahimci cewa kyakkyawan zato ba ya maye gurbin rajista.

Zamanin makarantun marayu

A ƙarni na 6 na hijira aka ga sarakunan da suka mayar da wannan aiki babban sha'ani. Nuruddin Zanki, sarkin Sham da ya rasu a 1174, ya gina makarantun allo na marayu a garuruwansa, ya yanka wa yaran da malamansu abin masarufi. Salahuddin Ayyubi ya bi sawunsa a Masar. Matafiyin nan na Andalus, Ibnu Jubair, da ya shiga Dimashƙa a 1184, ya rubuta cewa ya ga babbar makaranta ta marayu mai wakafi mai yawa, daga ciki ake biyan malami, a ciyar da yaran, a yi musu sutura.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne Muzaffaruddin Kukburi, sarkin Irbil a arewacin Iraƙi, mijin ƙanwar Salahuddin, wanda ya rasu a shekara ta 630 bayan hijira. Mu dai mun fi jin sunansa a zancen maulidi. Amma Ibnu Khallikan, haifaffen Irbil, ya ba da labarin cewa sarkin nan ya gina gidaje huɗu na makafi da masu ciwon da ba ya warkewa, da gidan zawarawa, da gidan ƙananan marayu, da gida na musamman na jariran da aka tsinta, inda ya ɗauki mata masu shayarwa yana biyan su. Kuma da ƙafarsa yake zagayawa ya tambayi kowa halin da yake ciki.

A Alƙahira, zamanin Mamluk, abin ya zama al'ada: da wuya sarki ko babban hafsa ya gina masallaci ko madrasa bai haɗa da makarantar marayu ba. Sarki Ƙalawun ya gina asibiti da madrasa da makarantar marayu wuri guda a 1284 zuwa 1285. A ƙa'idar wakafinsa kowane yaro yana da gurasa kullum, da suturar sanyi da ta zafi. Daga baya aka saba da wani irin gini da ake kira sabil-kuttab: a ƙasa wurin ba masu wucewa ruwan sha kyauta, a sama ɗakin karatun marayu mai buɗaɗɗun tagogi. Wanda Sarki Ƙaitbai ya gina a 1479 da wanda Abdurrahman Katkhuda ya gina a 1744 suna nan tsaye har yau, ɗalibanmu da suka yi Azhar sun wuce ta gabansu.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Daga shaguna da gidajen haya da wuraren wanka da gonaki da mai wakafin ya tsare wa makarantar. Takardun da suka rage suna faɗin komai filla-filla: adadin yara, gurasar kowane, albashin malami, irin halin da ake so ya kasance da shi, da cewa ya tausasa wa yara. Idan yaro ya balaga sai ya ba wani wuri, amma wasu takardun sun yi rangwame ga wanda ya kusa sauke haddarsa a bar shi ya ƙarasa. Ba mu ce duk masu ginin nan waliyyai ba ne. Wasunsu sun yi ne don suna, wasu don su tsare dukiyarsu daga ƙwacen sarki, su sa ƴaƴansu a matsayin masu kula. Niyya tana wurin Allah. Amma yaran sun ci gurasar, sun koyi karatu.

Mu a wannan yanki fa?

Kada wani ya ce wannan harkar Larabawa ce. Maƙrizi ya rubuta cewa wajen shekarun 640 bayan hijira, wato shekarun 1240, alhazan Kanem da suka biyo ta Masar sun ba alƙali Alamuddin Ibnu Rashiƙ kuɗi ya gina madrasar Malikiyya a Fusɗaɗ, kuma kusan kowace shekara suna aiko mata da dukiya. Wannan ta ɗalibai ce da alhazai, ba ta marayu ba, amma tana nuna cewa mutanen bakin Tafkin Chadi sun san a tara kuɗi a tsayar da abu mai ɗorewa tun shekara kusan 800 da suka wuce.

A ƙasar Hausa kuwa, iyayenmu sun fi dogara da mutane fiye da gini. Idan uba ya rasu, baffa ko kawu ya ɗauki yaran ya haɗa da nasa, ana cin tuwo a akushi ɗaya. Da kaka a fitar da zakkar hatsi a kai wa malam da mabukata. Almajiri yana da gidan da ake ajiye masa abincinsa, yana noman gonar malam, iyaye suna ba da kuɗin Laraba. Wannan tsari ya raini dubban mutane, cikinsu har da malaman da suka karantar da mu. Rauninsa shi ne yana tsaye ne a kan rumbu cike da dangi kusa. Farin 1973 da 1974, da na 1984, ya nuna mana abin da ke faruwa idan mai bayarwa da mai karɓa suka rasa lokaci guda. Yau kuma ga zaman birni: baffan yana haya a ɗaki ɗaya, kawun yana ci-rani a wata ƙasa. Yaran da muke gani a tasha da bakin kasuwa da robar bara, da yawansu faɗowa suka yi ta wannan ɓarakar.

Yadda wakafai suka lalace

Gaskiya ita ce da yawan waɗancan makarantu sun mutu. Wasu masu kula ne suka cinye, a bar gini ya zube a ce ba ya kawo komai, sannan a musanya shi da arha. Wasu hukuma ce ta haɗiye. Muhammad Ali Basha ya karɓe mafi yawan gonakin wakafi na Masar a farkon ƙarni na 19. A Aljeriya, Faransawa sun fara sa hannu a kan hubusi tun 1830, shekarar da suka shigo, kuma a 1843 suka mayar da shi cikin dukiyar gwamnati. Ɗan majalisarsu Alexis de Tocqueville, a rahotonsa na 1847, ya amsa da kansa cewa sun karkatar da kuɗin daga inda aka nufa da shi, sun bar makarantu sun rushe. Ashe makarantar da ba ta da abin ciyar da malami, ba sai an rufe ta da kwaɗo ba.

Da hannun talakawa aka farfaɗo

A Istanbul, a 1863, wasu ma'aikata da hafsoshi, cikinsu da Yusuf Ziya da Ahmad Mukhtar, suka kafa ƙungiyar koyarwa. Sun fara ne da yaran shago da ke zaman jiran a buɗe babbar kasuwa da safe, suna koya musu karatu da lissafi. Daga nan suka yi gidauniya, Sarki Abdul'aziz ya ba da nasa, manya da ƙanana suka ba da nasu, a 1873 aka buɗe makarantar kwana ta Darusshafaƙa don yaran da suka rasa uba. Daular Usmaniyya ta faɗi, makarantar tana nan. Ta fara ɗaukar ƴan mata a 1971, kuma har gobe da gudummawa da wasiyyar jama'a take tafiya.

Ga kuma labarin da muke so ɗalibai su riƙe. A birnin Yogyakarta na Indonesiya, Malam Ahmad Dahlan, wanda ya kafa ƙungiyar Muhammadiyah a 1912, ya riƙa maimaita wa ɗalibansa Suratul Ma'un kwana da kwanaki bai wuce ta ba. Da suka gaji suka ce sun haddace, sun san fassara, suna karanta ta a salla. Ya tambaye su ko sun yi aiki da ita. Sai ya tura su cikin gari su nemo marayu da miskinai, su yi musu wanka, su tufatar da su, su ciyar da su. Daga wannan darasi gidajen marayu da asibitocin ƙungiyar suka samo asali, yau sun bazu a faɗin ƙasar. Mu ma muna biya wannan sura tun muna ƙanana, mun san ta ƙidaya mai tunkuɗe maraya cikin masu ƙaryata ranar sakamako.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu da baitulmali, ba mu da Ƙalawun. Amma duk inda aikin nan ya ɗore a tarihi, za ka tarar akwai wani abu da ke kawo kuɗi ko ba a yi kira ba, akwai takarda da shaidu, akwai mai kula wanda shi ma ana duba shi. Waɗannan ba su fi ƙarfin jam'in masallaci ba. Shago ɗaya da ake haya, ko gona a bayan gari, ko injin niƙa, ko tumaki a hannun amintacce, kowanne zai iya zama asali. Mazhabarmu ma ta yi sauƙi: Malikiyya sun halatta wakafin abin da ake iya ɗauka, kamar dabba da littafi, sun halatta na ƙayyadadden lokaci, misali mutum ya ba da hayar ɗakinsa na shekara biyar. Sai dai sun tsananta a kan abu guda, wato abin ya fita daga hannun mai shi ya shiga hannun mai kula kafin mutuwa ko ciwon ajali ko karayar arziki su riske shi. Wanda ya ce a baki kawai ya ba da fili, ya rasu yana riƙe da shi, filin ya koma gado. Ta fuskar hukuma kuma hanya ta buɗe: Senegal ta yi dokar wakafi a 2015, Nijar ma ta yi tata, ta kafa babbar hukumar wakafi.

A kuma kiyaye, maraici shi kaɗai ba ya cikin gidaje takwas na zakka da Suratut Tauba ta lissafa. Maraya matalauci yana cin zakka ne da talaucinsa. Saboda haka kuɗin zakka daban, kuɗin sadaka da za a sayi asali da su daban, kada a cuɗa su a akwati ɗaya. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malamai kafin ya taɓa.

Shawararmu ga taron ƙungiya mai zuwa ita ce: gidauniyar azumi ta ci gaba yadda take, don yaro yana bukatar rigar Salla. Amma a ware wani kaso, komai ƙanƙantarsa, a riƙa ajiyewa har ya isa sayen abin da zai riƙa kawowa. A rubuta, a sa shaidu, a karanta lissafi a gaban jama'a bayan Juma'a lokaci-lokaci. Sannan ƴan kwamiti, maza da mata, su riƙa taka ƙafa zuwa gidajen, su ji da kunnensu yadda Umaru ya ji. Wanda yake da shago ko fili da zuciyarsa ta daɗe tana raya masa, ya samu liman tun yana da lafiya.

Allah Ya sa mu cikin masu ɗaukar nauyin maraya, waɗanda Annabi (SAW) ya yi wa bushara da kusanci da shi a Aljanna. Allah Ya jiƙan iyayen yaran nan, Ya raya su bisa Musulunci, Ya sa namu ƴaƴan su samu mai riƙo idan mun kau. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.